Rabonmu na Ganuwa

Ana gina wani katafaren kanti a gefen titin Wendover, a nan ƙasar waje, hanyar da nake bi zuwa aiki. Da ruwa ya sauka a kan jar ƙasar da suka tono, ƙamshinta ya biyo ni har cikin mota, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Gidanmu a Kano yana tsakanin dutsen Dala da ganuwa. Kakana yakan ce dutsen ne uban garin. A kansa mutanen farko suke hango abokan gaba, da suka yi yawa suka bazu a gindinsa, suka kewaye kansu da ganuwa, kowace zuri'a da rabon da take gyarawa. Kowa ya manta nasa, ban da kakana. Damina na ɗaukewa zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya je ya yaɓe inda ruwa ya ci. 'Yan unguwa na tsokanarsa, wai yana tsare mu daga mayaƙan da ƙasa ta daɗe da cinyewa.

Gari kuwa ya cika ya batse, kowa na neman ƙasar gini, ga ganuwa a kusa. Shekarar da kakana ya tafi hajji, mahaifina ya tura jakuna rabonmu, aka kwaso ƙasa ya gina mana ɗakin kwana. Da tsohon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dai daina bi ta ƙofar ɗakin.

Sai da wata damina ta kayar da nasa ɗakin yana kwance ba lafiya, aka ɗauko shi zuwa namu. Na ga yana shafa bangon a hankali. Ya ce da mahaifina, "Ka riƙa yaɓe shi kan kari." A nan ya cika.

Yau shaguna ne da gidan mai a inda ganuwar take. Ɗakin nan kaɗai ya rage daga rabonmu. Makon jiya ƙanina ya kira ni, yana neman izinin rushe shi ya yi ginin bulo, iyali sun yi masa yawa.

"Yaya, ƙasa ce fa kawai," in ji shi.

Abin ya yi mini ciwo. Amma ni da na tsallake teku, nake kwana a gidan katako, da wane baki zan hana shi? Na ce ya rushe. Na kashe wayar, na daɗe zaune cikin mota ban shiga gida ba.