Inna Ta Tafi Tanda

Yayana matuƙin kwale-kwale ne. Tun yana saurayi yake ƙetare kogi da mutane da buhunan albasa tsakanin Gaya da Malanbil. Wata damina jirginsa ya kife, igiyar kaya ta naɗe masa ƙafa, ya daɗe a ƙarƙashin ruwa kafin masunta su ciro shi. Ya rayu. Muka yi ta murna har da rabon sadaka, ba mu san abin da ya same shi ba.

Sai da ya dawo gida muka lura. Zai ci tuwo, a ɗauke kwano, ya dubi matarsa ya ce yau ba a girki ne? Amma tambaye shi inda duwatsu suke a cikin kogi, ko malamin da ya zane shi a lakwal, wato makarantar boko, sai ya zayyano maka tsaf. Na kai shi Yamai aka ɗauki hoton kansa. Likita ya nuna mini wasu 'yan wurare biyu a ƙwaƙwalwa, dama da hagu, ya ce sunansu ipokam, kuma suna saurin lalacewa idan numfashi ya yanke. Ta nan sabon abu yake bi kafin ya zauna a kan mutum. Ya ce hatsin da yake cikin rumbu yana nan, amma an toshe bakin, sabo ba ya shiga. Na ce to, maganin fa? Ya ce ku dai kula da shi.

Muna cikin wannan Allah ya yi wa Innarmu rasuwa. Yaya shi ne ɗanta na fari, kuma tun yana yaro ba ya fita kogi sai ya leƙa ɗakinta ta sa masa albarka. Da shi aka sallace ta, da hannunsa ya sa ta a kabari. Da aka dawo ya zauna a kan tabarma cikin maza, can sai ya juya ya tambayi na kusa da shi wa ya rasu. Mutumin ya gaya masa. Daga cikin gida na ji kukansa, irin na wanda ya ji yanzu-yanzu.

Kun san mutanenmu da gaisuwa. Wanda bai samu zuwa ranar uku ba zai zo ranar bakwai, wanda yake tafiya zai biyo ko bayan wata nawa ne, kuma dole babban ɗa za a nema. A kama hannunsa a ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna.” Shi ke nan, ta sake mutuwa. Ya zube ƙasa, ya ce yaushe, me ya sa ba a kira shi ba, wa ya binne ta ba da shi ba? Jim kaɗan maganar ta goge, amma ciwon ba ya gogewa. Sai ya wuni zugum, ya ƙi abinci, ya ce mini, “Auta, ƙirjina yana mini nauyi, ban san dalili ba.” Ya rame har wuyansa ya fito.

Wallahi na gaji da gani. Na ɗauko kujera na dasa a zaure, duk wanda ya zo ni zai gaisar ya juya. Idan Yaya ya tambayi ina Inna, sai in ce ta tafi Tanda wurin ƙanwarta. Sai ya ce af, to, ya ci gaba da gyaran komarsa. Gari ya ɗauka wai boko ya ɓata ni, na hana a yi ta'aziyyar uwata. Su faɗa! Ba su ne suke ɗaga shi daga ƙasa ba. Yaya ya soma cin abinci, har yana tsokanar matarsa.

Sai ga Gwaggo daga Yelu, yayar mahaifinmu, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa da wuri. Na tare ta a zaure na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ke 'yar nan, jikinsa kika duba. Ita fa? Tana kwance can tana jiran addu'ar ɗanta na fari, ke kin ce ta tafi Tanda. Ko sau ɗaya ya taɓa cewa Allah ya jiƙanta tun da kika zauna a nan?”

Na ce, “Gwaggo, in ya faɗa ma ba zai tuna ba.”

Ta ce, “Shi ne ba zai tuna ba. Wanda ake roƙo fa?”

Raina ya ɓaci. Duk da haka ban bar ta ta gaya masa ba. Ta shiga suka gaisa, ya tambaye ta shinkafar bana, ta fito tana share ido. Ko ruwa ba ta sha ba ta koma tasha.

Da la'asar na kai masa fura. Na tarar ya idar da salla, hannuwansa a sama, sai na tsaya daga gefe. Ya roƙa wa mahaifinmu gafara, da kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba. Sannan ya ce, “Allah ka tsare mana Inna a hanya, ka dawo mana da ita lafiya.”

Ya shafa, ya juyo ya gan ni riƙe da kwanon.

“Auta, ba ki ce amin ba.”

Na ce amin.