Motar Lallaɓa da Ƙwan Kwanci

A bakin layin kafintoci, inda motocin ɗaukar kaya ke jiran aiki, in ka tambayi mai shuɗiyar motar nan mai farar ƙofa guda, kowa zai ce maka Lallaɓa ne. Sunansa na gaskiya kuwa, ko matarsa sai ta ɗan yi tunani. Bakinsa ne ya jawo masa. Madubi ya karye? A ɗaure da roba, a lallaɓa. Ƙofa ta ƙi rufuwa? A sa igiya, a lallaɓa. Mutumin kirki ne, ba faɗa ba zagi, in ya ɗauko maka gado ko kujera zai kai ba ko ƙwarzane. Abu ɗaya ne bai iya ba a duniya: ya gyara abu ya gyaru.

Babbar larurar motar ita ce lagireto, tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Yoyo take yi tun ba yau ba. Mai waldan layin har ya gaji da cewa, "Ka ba ni ita wuni ɗaya in like maka." Lallaɓa sai ya ce gobe dai. Maganinsa ƙwai ne. In ruwan ya ɗauki ɗumi sai ya fasa ɗanye ya zuba farin a ciki, farin ya bi ruwa har bakin hujin, ya dahu a nan ya toshe. A yi kwanaki, ya buɗe, a sake fasa wani. Direbobi suka ce motar ta fi 'ya'yansa cin ƙwai, saura a fara haɗa mata da shayi.

Ƙwan kuwa na wata jar kaza ce ta matarsa. "Ni da ba da hatsi, mota da cin moriya," in ji ta kullum.

A ɗakin ƙofar gida mahaifinsa yake, tsohon tela, wanda yanar ido ta rufe wa idanu duka biyu. Keken ɗinkinsa na nan a lulluɓe da zane, kullum da safe sai ya laluba ya ɗiga masa mai, ya mayar da zanen. Sai ga labari likitocin ido sun zo asibitin babban gari, an duba Baba, an sa masa rana. Ranar kuwa ita ce ta ƙarshe. Wanda bai iso kafin azahar ba, sai baɗi, in sun dawo.

Da sassafe matar na haɗa wa Baba jaka, bargo da tawul da sabon sabulu, Lallaɓa ya leƙa kwanon ƙwai a kicin. Wayam. Ta sha gaya masa kazar ta hau kwanci, ta kunnen dama ya shiga ta hagu ya fita. Shago bai buɗe ba. Ya waiga, ba mai kallo, ya sulale bayan ɗaki ya zura hannu ƙarƙashin kaza. Ta kai masa sara a yatsa, ya haɗiye ihun, ya zaro guda ya naɗe a tsumma ya jefa aljihun gaba.

"Baban yara, me ya sami hannunka?"

"Ƙofar mota ce."

"Ƙofar mota ta yi baki ke nan," ta ce, ta miƙa masa jakar.

Tafiya ta yi daɗi har rana ta ɗaga. Suna tsakiyar hanya, ba gida gaba ba gida baya, allurar zafin inji ta fara hawa. Kafin ya ce wani abu tururi ya turnuƙe ta gefen bonet. Ya gangara gindin wata bishiya ya kashe.

"Mun iso?" in ji Baba.

"Saura kaɗan, Baba. Tana ɗan shan iska ne."

"Na ji irin iskar da take sha."

Ya jira ta huce, don ya taɓa buɗe murfin da zafi, tabon na nan a haɓarsa. Ya buɗe, ya ciro ƙwan da fara'ar mai magani a hannu, ya ɗaga zai buga a bakin ƙarfe.

"Tsaya. Wa ke kuka?"

"Ba kowa, Baba."

"Kai, ido na rasa, ba kunne ba. Hannunka ke kuka."

Lallaɓa ya juya ƙwan. Ga ɗan huji a jikin ɓawo, ga ɗan baki rawaya yana motsi. Tsiyak. Ɗumin aljihu da na mota sun ƙarasa aikin kaza.

Baba ya yi dariya har da tari. "Ƙwan kwanci ka sato wa yarinyar nan?"

"Aro na yi, Baba."

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ba wani ƙwan, ba ƙauye kusa, motocin da ke wucewa a cike suke kuma a guje. Inuwar bishiya sai tattarewa take tana komawa gindi. Baba ya shafa idanunsa, can ya ce a hankali, "Ba komai. In ba rabo, mu koma gida. Na saba."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Lallaɓa ya buɗe baki zai ce a lallaɓa, kalmar ta ƙi fita. Ya miƙa wa tsohon ƙwan, Baba ya cire hula ya sa shi a ciki ya rungume a cinya. Shi kuma ya zazzage jakar asibiti a kan kujera. Bargo, tawul, kofi. Sabulu.

Ya jiƙa shi ya dinga murzawa a tafin hannu har ya yi laushi kamar ƙullu. Ya ɗan zuba ruwa daga jarka, ya durƙusa yana neman hujin, gumi na shiga masa ido.

"Ta hagu, can ƙasa," Baba ya ce daga cikin mota. "Ina jin ɗigarsa."

Nan ne kuwa. Ya matse bututun da ke yoyon da filaya, ya cusa sabulu ya danne da babban yatsa, ya ƙara wani a kai. Ya juye jarkar duka, ya bi da ruwan butar alwala. Murfin bai ɗaure shi tamau ba, don kada ƙarfin tururi ya tunkuɗo sabulun. Suka kama hanya kamar masu rakiyar kunkuru, ido ɗaya a titi, ɗaya a kan allura. Duk gangara sai ya sauke ajiyar zuciya, duk hawa sai ya kama salati. Baba kuwa hira yake da hularsa: "Yi haƙuri ɗan nan, ni da kai duk yau za mu ga duniya."

Ana kiran azahar suka shiga harabar asibiti, kumfa na zuba ta ƙasan mota. Wata nas na tsaye a baranda tana tambaya ko akwai sauran wani. Lallaɓa ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. "Akwai, 'yar'uwa! Wallahi akwai!" Da aka shige da Baba sai ya zauna a ƙasa daɓas, hular Baba a hannu. A cikin hular wani jiƙaƙƙen ɗan tsako na harararsa.

Washegari matar ta iso a motar haya, daidai ana cire wa Baba bandeji daga idon da aka yi wa aiki. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya tsaya a kan fuskar ɗansa. "Ashe ka yi furfura." Sai hawaye. Matar ma ta fara share nata, idonta ya faɗa cikin wani kwali da ke ƙarƙashin gado.

"Wannan ba ɗan kazata ba ne?"

"Rakiya ya yi mana," in ji Baba. "Ki bar mijinki, ya sha sara tun a gida."

Da suka fito, tsohon ya ja ya tsaya gaban motar. Ya dubi igiyar ƙofa, ya dubi madubin roba, ya dubi busasshen ƙwai da sabulu da suka yi wa gabanta ado.

"A cikin wannan ka kawo ni?"

"Ita ce, Baba."

"Allah na gode maka da ban gani ba. Daga nan sai wurin mai walda, kuma ina zaune za a yi."

Haka aka yi. Lallaɓa ya wuni a kan benci, direbobi na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa motar jajen rabuwa da karin kumallo. Yanzu ƙwan jar kaza yara ke ci. An yaye zanen keken ɗinki, kuma abin da Baba ya fara ɗinkawa shi ne aljihun rigar ɗansa da ya yage wajen durƙuso a hanya. Ƙofar mota dai har yau da igiya take. An ce gobe.