Nakiyar Inna

A Tawa, in an ce nakiya, abu biyu ake nufi. Akwai ta ci, shinkafa da zuma da yaji, a daka har su haɗe. Akwai kuma ta fasa dutse, wadda masu ginar rijiya ke cusawa a rami, ta tashi ka ji ta har cikin haƙori. Ƙasar Adar dutse ce, kowa ya san duka biyun, kuma da can ba mai ruɗa su.

Sai fari ya zo, ga soja na mulki. Mutane suka koyi magana ƙasa-ƙasa, ko gaisuwa sai an waiwaya. Yayana yana aikin rijiya wajen Affala. Da ya zo gida a rame, Inna ta fito da 'yar shinkafar da take ɓoyo, ta yi masa nakiyar guzuri, ta tura kwanon ƙarƙashin gado, don ta san halin bakinmu.

Washegari da hantsi jandarma biyu suka shigo ba sallama. Suka tsayar da yayana jikin bango. Babbansu ya ce an shaida musu ya kwaso nakiya daga wurin aiki, tana ƙarƙashin gado. A zamanin nan, wanda aka tafi da shi kan irin wannan magana, ba a tambayar ranar dawowarsa.

Inna ta jawo kwanon. Ƙaramin jandarman ya ja da baya.

Ta buɗe, ta ce, "Ga ta nan, ɗiyana. Ku ɗanɗana, in ta hwashe ku gaya mini."

Babban ya ci, ya ƙara, suka fita suna dariya. Mu ma muka yi ta dariya, ban da Inna.

Ta ce, "Wa yas san da ƙarƙashin gado?"

Mutum ɗaya ce: maƙwabciyarmu, aminiyarta, wadda ta taya ta dakan. Ni har yau ina ganin a bakin famfo ta yi zancen, wani kunne ya murɗa shi. Inna ba ta yarda ba, kuma ba ta taɓa tambayarta ba. Wannan shirun ya fi komai ba ni haushi.

Kafin yayana ya koma, ta sa shi ya toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu da laka. Matar ta ci gaba da miƙo tuwo ta saman katanga. Inna takan karɓa, ta yi godiya, amma ba ta ƙara kai shi baki ba.