Miya Lami a Zauren Gidanmu

Shekarar da jiri ya kama ni, ina tsakiyar gonar gero a Wagini na ga duniya ta juya, na rungumi ƙasa ina salati. Kunnen hagu kuwa shuu, ba dare ba rana. A gida aka ce iska ce, aka yi ta banka mini hayaƙi har na fara warin banda. Sai a Katsina likita ya ce ruwa ne ya yi yawa can cikin kunnen, kuma gishiri ke tara shi. Ya hana ni gishiri da dunƙule, ya haɗa da goro da shayi. Na ce, "Likita, to me ka bar mini?" Ya ce ruwa.

Mu kuwa maza a zaure muke cin tuwo. Kowace mace ta aiko da kwanonta, a jera, hannu ya bi kowanne. Ni sai na koma gefe da kwanon da maiɗakina ke yi mini daban. Ban kawo komai a raina ba, sai da Yayana ya fara amsa gaisuwata ciki-ciki. A wurinmu, wanda ya ƙi sa hannu a kwanon ɗan'uwansa sammu yake tsoro. Ubanmu ɗaya, gandunmu ɗaya, ga shi har ana ƙishin-ƙishin raba gona saboda gishiri. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Matar Yaya ta ce in dai gishiri ne, da sauƙi. Ta yi miyar kuka, ba ta sa ko ƙwaya ba, amma don kada a raina mata girki, sai ta dankara mata dunƙule da kanwa. Lomar farko na gane. Na ɗaga kai, Yaya na kallon hannuna. Na cinye tas, har da suɗe kwano. Washegari ina alwala na kife, buta gabas ni yamma, ina kwara amai a gabansa.

Bayan magariba Yaya ya jawo kwanona, ya kai loma.

"Wannan abin kake ci tun bazara?"

"Shi ne, Yaya."

"Kai! Ai ko sammun ya hi wannan daɗi."

Ya sake gutsuro tuwon, ya ce in matso kada ya huce.