Kwamfutar da Baba Bulus ya bari

Jiya Babanmu ya kunna kwamfutar da Baba Bulus ya bar masa, sai na ga ya haɗe rai.

Baba Bulus maƙwabcinmu ne a Gyaɗi-Gyaɗi, malamin makaranta, mutumin Kudancin Kaduna. Tun farkon dawowar mulkin farar hula musunsu ɗaya: shi ɗan gani-kashe-nin manhajar kwamfuta ta Linux ne, Babanmu kuwa in ba Windows ba, ko kallo. Ka ba Baba Bulus kwamfutarka ya duba maka, sai ta dawo ta sauya ɗariƙa.

Satin da ya wuce ya yi ritaya ya koma garinsu, ya bar wa Baba tsohuwar kwamfutarsa. Ashe da hannunsa ya goge Linux ɗin ya sa Windows, don Baba ya ji daɗin aiki da ita.

Baba ya daɗe yana kallonta.

"Hafsatu, kin iya mayar da wancan shirmen nasa?"

"Baba, ai ba ka iya shi ba."

"To ai shi ya sa. In ta gagare ni, na kira shi na yi masa tas. Wannan da na iya, in kira shi in ce me?"

Na mayar. Yau sau uku ya kira shi. Ina jiyo su suna ta faɗa, Baba na dariya yana goge ido.

Ku fa, wa kuke tsokana da musu don kawai kun kasa ce masa kuna kewarsa?