Lambar da Kawu Ya Ƙi Ji

Duk shekarun da na yi ina koyarwa a wani ƙauye na kwarin Tarka, ban taɓa ganin albashina yana fitowa daga na'urar banki da idona ba. Kawuna ke gani. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma yana da ɗan shago a Tanut, yana zuwa Damagaram saro kaya duk ƙarshen wata. Katina na banki yana aljihunsa, lambar sirrin tana kansa. Hatta lambar tarhon da na ba banki tasa ce, don a ƙauyenmu ba ka samun rezo, wato layin tarho ba ya kamawa, sai ka hau tudun bayan gari ka ɗaga hannu kamar ɗalibin da ya san amsa. In ya ciro kuɗin ya sayo min shinkafa da mai da sabulu, sai ya hau babur ya kawo min sauran har gida, ya kwana, ya yi min faɗa a kan ramar da nake yi, da safe ya koma.

Ba ni kaɗai ba ne. Kowane malamin makaranta da aka jefa daji yana da nasa kawun. Banki yana kiran abin lambar sirri, mu kuma ba mu musa ba. Sirri ne dai irin namu na Damargu, wanda mai shi ya sani, wansa ya sani, wani lokaci har da direban motar kasuwa.

Ana nan sai banki ya aika wa jama'a saƙo da Faransanci, nawa kuma ya faɗa tarhon Kawu. Shi ba ya karanta boko, sai ya kai wa wani tsohon komi, wato akawu, da ke rubuta wa mutane takardu a bakin tasha. Wannan bawan Allah bai iya karatu a hankali ba, musamman in ya ga taro. Ya gyara tabarau, ya ɗaga murya, ya fassara dalla-dalla: wasu ɓarayi sun kutsa inda banki ke ajiye bayanan mutane. Kowa ya canza lambarsa. Kada a amsa wa mai kira ya ce daga banki yake. Kada a faɗa wa kowa lambar, ko da ɗan'uwa ne na jini.

Kowa a tashar ya san wa ke riƙe da katina. Mai shayi ya ce, "To Alhaji, ashe an gano ku!" Aka kwashe da dariya. Wasa ne, kuma kowa ya san wasa ne, ban da mutum ɗaya.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Ina cikin aji, wata bai ko raba tsakiya ba, aka ce min na yi baƙi. Na fito na tarar da Kawu zaune a gindin aduwa cikin babbar rigarsa ta Juma'a, liman na unguwarsu a damansa, wani dattijo maƙwabcin shagonsa a hagu. Na ɗauka rasuwa aka yi. A wajenmu, in aka fara ƙus-ƙus a kan ajiya, ba a mayar da ita a ɓoye. Gaban shaidu ake mayarwa, mai ita ya duba, ya faɗa da bakinsa cewa ta cika.

Bayan gaisuwa Kawu ya fito da katin, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu, ya ba ni labarin saƙon. Ya ce, "Ga amanarka, ɗana. Ka duba gaban bayin Allah nan."

Na yi dariya don in sassauta abin, ba wanda ya taya ni. Na shiga bayani irin na aji. Na ce ɓarayin nan suna can wata uwa duniya, ba su taɓa jin sunan Tanut ba, kuma duk mai ajiya a bankin an aika mishi wannan saƙo, har gwamna in yana ciki.

"Wa ya san lambar nan?" in ji shi.

"Ni da kai, Kawu."

"Kai ka taɓa musu wani abu?"

"Ba wanda ya taɓa komai. Gargaɗi ne kawai."

"To don mi ni suka aiko ma, ba kai ba? Kuma suka ce ɗan'uwa na jini. Ɗan'uwa nawa gare ka da ke zuwa bankin nan?"

Na yi shekaru ina koyar da lissafi, amma wannan na kasa warware shi. Liman ya tambaye ni ko na taɓa ganin giɓi a abin da ake kawo min. Na ce wallahi sau da yawa ma ƙari nake gani, don na san farashin shinkafa, na kuma san ba daga albashina take fita duka ba. Aka shafa fatiha, aka shaida Kawu ya fita daga zargi. Ya ƙi kwana, wai baƙinsa suna da uzuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wa zan ji haushi, mai shayi ko banki ko ɓarayin da ba su san aikin da suka yi mana ba.

Ranar da babu lakkol, makaranta a rufe, na bi motar kasuwa zuwa Damagaram don in bi umarnin banki. Layin gaban na'urar ya kai bakin titi. A nan na ga yadda jama'a suka rungumi gargaɗin hannu biyu. Wani yana riƙe da katuna kamar mai shirin raba karta, yana canza wa mutanen garinsu lamba ɗaya bayan ɗaya, duk kuma lamba guda ya sa musu don kada ya rikice. Wata malama ta gama nata, ta kira mijinta a ƙauye, ta faɗa mishi sabuwar lambar da ƙarfi har sau uku saboda rezo, mu na layi muka haddace kafin shi. Wani tsoho kuwa ya roƙi mai gadin bankin ya zaɓa mishi lamba mai albarka. Ni da aka yi wa darasi a gida, na kare allon da tafin hannu, na danna, ban ko motsa leɓe ba.

A hanyar komawa na sauka Tanut, na wuce shagonsa kai tsaye. Na riga na shirya maganata tun a mota. Banki ya ce a canza, na canza, sauran kuma tsakanina da kawuna ne. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya tambayi ƴan lakkol. Da wani mai sayen sukari ya fita, na ajiye katin a kan teburinsa, na matsa kusa, na buɗe baki.

Ya ɗaga min hannu. "Kar ka faɗa."

"Kawu, ai sabuwa ce, ba wanda..."

"Na sani. Kaina ba ya mantuwa, in ka faɗa ta zauna ke nan. Gobe su sake aikowa, in sake neman liman?" Ya tura min katin da ɗan yatsa har ya taɓa hannuna. "Riƙe abinka. Ka girma."

Na sa katin a aljihu. Lambar tana nan a kaina har yau, babu mahalukin da ya taɓa jin ta, yadda banki ke so. Sisina bai ɓata ba. A shagon nan na zauna na ƙarasa furar, ina jin maraicin da mutumin nan ya hana ni ji tun ina yaro.