Ragowar Jin Malam Mas'udu Mai Niƙa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa a Mairuwa ya san rumfar Malam Mas'udu, ko da bai san sunanshi ba. Tana bayan kasuwa, kusa da inda masu awon hatsi ke jibge buhuna, kuma ba sai an yi maka kwatance ba, ƙarar ce za ta kai ka. Shekara ashirin da shida yana tsaye gaban inji guda, tsohon inji mai shan baƙin mai, wanda sai an juya hannu an yi gumi kafin ya yarda ya tashi. Mutum ne dogo siriri. Gira fari, gemu fari, tun yana ɗan shekara talatin gari ya riga furfura zuwa kanshi.

Da kunne yake aiki, wannan kowa ya sani. Masara tana da muryarta, dawa da tata, gero kuwa ɗan shuu yake yi kamar yayyafi bisa kwano. In bel ya saki, akwai wani fat-fat da yake ji tun kafin ido ya gani. In hatsi ya kusa ƙarewa a bahon inji, faifan ƙarfe biyu masu niƙan suka fara cin juna, sautin sai ya sirance, shi kuma hannunshi ya riga ya kai ga sassautawa. Matan gari kan ce garin Malam Mas'udu ba ya ƙauri, ba ya tsaki, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba.

Wurin Baba Ɗanliti ya koyi sana'ar, Allah ya jiƙanshi. Shi Baba Ɗanliti kurma ya mutu, kurma futuk. A shekarunshi na ƙarshe sai a zaunar da shi bakin zaure, jikoki na gaishe shi yana murmushi, ana yi mashi ta'aziyya yana murmushi, duk ɗaya ne wurinshi. Malam Mas'udu ya ga wannan da idonshi, amma mutum ne, sai ya ɗauka abin na Baba Ɗanliti ne shi kaɗai.

To, ashe abin na tafe. Da farko wani zuu ne a kunne ke bin shi gida in ya kashe inji, ya kwana biyu ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Sai ya ga mutane sun koma magana ciki-ciki, har yana mita wai yaran yanzu ba su iya buɗe baki ba. Ɗiyarshi ta fari, wadda ake kira Ummi don sunan mahaifiyarshi ta ci, tana aure a Sabuwa. Hanyar kuwa ba a bin ta don marmari, ga ramuka ga fargaba, shi ya sa zumuncin ya koma saƙon murya a waya. Sai ya kanga wayar a kunne, ya maimaita sau ukku, ya tsinci “Baba” da “lafiya lau”, sauran ya cike da zato.

Amma ba wannan ya tashe shi tsaye ba. Matarshi ce, Zulaihatu.

Ita mace ce mai sanyin murya. Shekara talatin suna tare, maƙwabta ba su taɓa jin sautinta ta katanga ba. Wata rana da la'asar ya dawo, ta kawo mashi ruwa, ta yi magana bai ji ba, ta ƙara bai ji ba, sai ta ɗaga murya iya ƙarfinta: “Malam, ga ruwa!” Matar gidan gaba ta ƙyalƙyale da dariya ta bayan katanga. Zulaihatu ta tsaya da kofi a hannu, kunya ta rufe ta. Tun daga ranar ta daina. Ta aje ruwa ta nuna, ta aje tuwo ta nuna. Ba fushi ba ne, da fushi ne ma da sauƙi. Gidan ya yi tsit, kuma ya san wannan shirun ba na kunnenshi ba ne kaɗai. Abin ya yi mashi ciwo ƙwarai.

Ya je asibiti a Faskari. Ma'aikaciyar ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta matso kusa da shi ta ce, “Baba, abin da ya tafi ya tafi. Ragowar ce za ka tsare. Ko ka bar injin, ko ka toshe kunne duk lokacin da yake aiki.” Barin inji? Ya ci mi? Ya gwada auduga, ta cika da gari ta faɗo cikin niƙan mutane. Ya gwada wani babban marufin kunne irin na masu fasa dutse, zafi ya haɗu da gumi da gari ya zama kunu a kumatunshi, kafin azahar ya cire. Ummi ce ta aiko da shawara, wai akwai wani abin saurare mara waya, ƙarami, da ake sa wa cikin kunne yana rage ƙara da kanshi. Zulaihatu ce ta saurari saƙon, ta ja shi cikin ɗaki inda ba mai ji, ta faɗa mashi da ƙarfi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ya rufe rumfa ya hau mota. Aka nuna mashi shagon Bilya mai kayan waya, mutum mai fara'a da saurin baki. Bilya ya zube mashi kwalaye kala biyar bisa teburi.

“Baba, wannan kiɗa yake da shi, har cikin ƙirji za ka ji ganga.”

“Mi ka ce?”

“Na ce kiɗa!”

“Haba ɗana, ka dube ni da kyau. Ni shiru na zo saye.”

Bilya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya natsu. Ya ture kwalaye biyu gefe, ya ce waɗannan a jikin kwali kawai suke rage ƙara, in an sa su sai dai a ƙure wa'azi ko waƙa ta danne hayaniya, kunnen kuma ya ƙara mutuwa. Sauran ukku ya ce su ne na gaske. Malam Mas'udu ya fiddo su daga kwalayen ya juya su a tafin hannu, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar gurjiya, ya ce shi ba ya sayen abu da ido. “Ina masu niƙan kasuwar nan suke? Can za mu.”

Haka Bilya ya bar shagon a hannun maƙwabci, ya kwashi kwalaye ukku, suka ratsa 'yan tumatir da 'yan awaki har layin masu inji. Na farko ya ɗan rage ƙarar, amma ba shi da roba a baki, Malam Mas'udu na sunkuyawa kamar zai ɗauki kwano sai ga shi a ƙasa. “Wannan cikin tuwon wani zai ƙare,” in ji shi. Na biyu ya zauna daram, sai dai Bilya ya faɗi gaskiya, cajinshi ba ya kai awa huɗu, shi kuwa daga hantsi har la'asar yake tsaye. Na ukku yana da robobi girma ukku. Aka sa ƙarama, iska na shiga. Aka sa babba, ta yi mashi zafi. Ta tsakiya ta shige kamar don shi aka yi ta. Bilya ya taɓa gefen da yatsa.

Sai rugugin injin ya ja da baya, ya koma can nesa, kamar a unguwar gaba ake niƙan. Malam Mas'udu ya tsaya baki buɗe yana kallon bel na gudu. Rabonshi da tsayawa kusa da inji kanshi bai yi nauyi ba, ya manta.

Bilya ya sake taɓawa, muryoyi suka dawo. Ya ce, “In mai kawo niƙa ya zo, ka taɓa sau ɗaya, za ka ji shi ba sai ka cire ba. Amma Baba, tsakani da Allah, ba magani ba ne. Ba zai kashe ƙarar duka ba, kuma robar nan ita ke yin rabin aikin. Ka riƙa goge ta, gari ba ya barin komi.” Suka daidaita kan kuɗi, Malam Mas'udu ya sa 'yar akwatin da ake aje su ciki a aljihun gaba ya kama hanya tun rana na sama.

Washegari ya sa su ya tada inji. Kai, ranar ya ji daɗi! Har yana ɗan karatu a ranshi yana zuba hatsi. Wajen hantsi Barakatu mai tuwon kasuwa ta kawo dawarta tiya shida, ta aje ta tafi ɗora miya. Ya juye a baho, ya ɗaure faifai, ya juya yana kakkaɓe buhu. Bai ji sanda dawar ta maƙale a wuyan baho ba. Bai ji sanda sautin ya sirance ba. Hanci ne ya gaya mashi, kuma hanci a makare yake zuwa. Ko da ya waiwaya, faifan sun ci juna sun yi zafi, garin da ya biyo baya ya fito toka-toka yana ƙauri.

Barakatu ta dawo ta damƙi garin ta shinshina. “Innalillahi! Malam, yau ni za ka yi wa haka? Shekara nawa ina kawo maka niƙa? Ka sa 'yan kunne kamar amarya ka bar mani dawa ta ƙone!” Masu awo suka kwashe da dariya. Ya kashe inji. Ya je gida ya ɗebo dawa daga rumbunshi, ya canza faifai, ya niƙa mata da kunne buɗe. Abin kunnen kuwa ya maida shi akwati.

Kwana huɗu bai taɓa shi ba. Zuu ɗin ya dawo da ƙarfinshi. Lissafin da yake yi a zuci guda ne: in ya toshe kunne ya ɓata sana'a, in ya buɗe ya bi Baba Ɗanliti bakin zaure.

Tunanin Baba Ɗanlitin ne ya tsaya mashi a rana ta biyar, yana cikin niƙan masara. Ya tuna tsohon ba ya sa takalmi a rumfa, kuma kullum tafin hannunshi na hagu na kan ƙarfen da ke riƙe da faifai. Shi a lokacin ya ɗauka tsufa ne, yana dafawa don kar ya faɗi. To amma tsohon ai kurma ne, kuma bai taɓa ƙona garin kowa ba. Malam Mas'udu ya ce, “Ashe!” da ƙarfi, shi kaɗai a rumfa. Ya tuɓe silifas ya ture gefe. Ya sa abin kunnen, ya taɓa, ya ɗora hannu bisa ƙarfen.

Ga shi nan kuwa, duk abin da kunne ke gaya mashi yana cikin ƙarfen. Masara na bugawa da gurzo-gurzo, in ta kusa ƙarewa rawar sai ta koma ƙanana, tana tsikarar tafin hannu. Bel kuma ta tafin ƙafa yake magana. Bai iya a rana ɗaya ba, kar in yi maku ƙarya. Sati biyu yana koyo da hatsin gidanshi da na masu haƙuri, yana cire kunne ɗaya in ya yi shakka. Barakatu ta yi kwana goma tana kai niƙanta wani wuri, sannan ta dawo da kanta, ta ce garin can tsaki gare shi.

Aka yi wata biyu a haka. Kunnen bai dawo ba, ma'aikaciyar ta riga ta faɗa. Amma zuu ɗin da ke raka shi gida ya yi sauƙi, in ya kashe inji da la'asar kanshi ba ya toshewa kamar da. Bai gaya ma kowa ba, don shi ma bai tabbata ba.

Wata Laraba ya dawo bayan la'asar, ya zauna kan tabarma a tsakar gida yana goge robobin da ƙyalle. Zulaihatu ta aje mashi kwanon tuwo, ta nuna, ta koma bayanshi tana kwashe shanya daga igiya. Sai ya ji murya, siririya, can ƙasa. Ba da shi take ba. Ashe tun da ta daina yi mashi magana a gaba, a bayanshi take yin ta, tunda ta san ba ya ji.

“Yau kwana tara ban ji muryar yarinyar nan ba,” take cewa. “Wayar ba ta shiga, ga ta da tsohon ciki. Ni na rasa wanda zan gaya ma.”

Hannunshi ya tsaya bisa ƙyallen. Idonshi ya cika, don bai san sau nawa ta faɗi irin wannan a bayanshi yana cin tuwo ba.

Bai waiwaya ba. Ya ce, “Gaya mani.”

Zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa. Ta zagayo ta zauna a gefen tabarmar, ta ɓangaren kunnenshi na dama.

“Malam, ka ji ni?”

“Na ji ki. Kar ki ɗaga murya, faɗi yadda kika saba.”

Ta fara, a hankali, da muryar nan tata ta shekara talatin. Wata kalmar ya ji, wata ta wuce shi, bai ce ta maimaita ba sai sau ɗaya. Suka tsaida shawara gobe da safe zai nemi direban da ke zuwa Sabuwa ya ba shi saƙo ya kai ma Ummi. Daga nan ta shiga ba shi labarin akuyar da ta haihu tun watan jiya, da abin da matar gidan gaba ta ce, da rufin madafa da ke yoyo. Tuwon ya huce a kwano, ba wanda ya taɓa shi har aka kira magariba.